Gudun Ummi da Takardun da Muka Baro a Zariya

Ni 'yar Zariya ce, haihuwar Tudun Wada, yanzu ina zaune a Greensboro cikin jihar Carolina ta Arewa a Amurka, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, shi kuma babbar mota yake tuƙawa. A watan Agustan 2025 'yarmu ta fari, Ummi, ta shiga jami'a tana share fagen karatun jinya, kuma wani kaso na kuɗin karatunta gudu ne yake biya, gudun mita 800. Tun da labarin ya bazu mata suke kirana, daga nan garin, daga Bronx, daga Columbus, har daga gida, tambayarsu kusan guda ce: wane koci ne ya gan ta? Kowa ya ɗauka wani ne ya zo fili ya hango yarinya tana sheƙa gudu ya ce ga kuɗi. Amsar da nake ba su ita ce, mafi yawan aikin a wani ɗan ofis aka yi shi, ofishin malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantar sakandare. Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maigidana ya riga mu zuwa da shekaru. Takardunmu suka maƙale lokacin da gwamnatin Trump ta hana 'yan Najeriya bizar zama a farkon 2020, sai da aka ɗage hanin a Janairun 2021 sannan abu ya motsa. Mun sauka a Satumban 2021, Ummi tana da shekara 14, gama JSS 3 ɗinta ke nan. Sakandaren Amurka aji huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12. A ofishin rajista aka dubi shekarunta, aka dubi ɗan katin sakamakon da muka riƙo, aka sa ta aji 9. Muka yi murna, muna ganin za ta fara daga tushe tare da sa'o'inta. Babu wanda ya ce mana wannan shawarar tana da wata illa a gaba, wataƙila ma wanda ya yanke ta bai sani ba.

A Zariya Ummi ce ke cinye gudu a intahaus kowace shekara, ta dawo gida da bokitin roba ko faranti, mu yi dariya a wuce wurin. A nan kuwa malamin motsa jiki ya sa su zagaya fili, ya ga ta bar yara maza a baya, sai ya gaya wa kocin masu gudu. Ta dawo gida da takarda biyu, ɗaya ta gwajin likita, ɗaya ta sa hannun iyaye. Babanta ya karanta, ya ninke, ya ajiye a kan firij.

"Maman Ummi, kin ga kayan da suke sakawa kuwa?" in ji shi. "Ni ban kawo 'yata ƙasar nan don ta tsaya gaban jama'a da guntun wando ba."

Ban yi musu da shi ba, domin abin da ke ransa shi ne a raina. Ita yarinyar ce ta je ta binciko. Ta nuna mana labarin Noor Abukaram, wata 'yar shekara 16 a jihar Ohio da aka soke gudunta a Oktoban 2019 saboda ta yi tsere da hijabi ba tare da takardar izini ba. Yarinyar ba ta yi shiru ba, har jihar ta yi doka a 2022 da ta hana irin haka. Sannan ta nuna mana cewa hukumar da ke tsara dokokin wasannin sakandare a Amurka, NFHS, ta gyara dokarta, daga kakar 2022 mai gudu na iya rufe kanta saboda addini ba sai an nemi izinin kowa ba. Wato shekarar da Ummi za ta fara ita ce shekarar da aka buɗe ƙofar. Babanta ya kai maganar gun limamin masallacinmu. Liman ya tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya ce abin dubawa shi ne sutura da tarbiyya. Aka yi sharaɗi: dogon wando, riga mai dogon hannu a ƙarƙashin rigar makaranta, hijabin wasa, kuma duk gasar da za ta je ni ko shi wani ya kasance a wurin. Har yau ba ta karya ko ɗaya ba.

Surutu kam an yi. A wurin suna wata ta ce mini, "Yaya, ke ma kin zama Ba'amurkiya ke nan." Na ce Allah ya shirya mana su baki ɗaya.

Kakarta ta farko ta gama mita 800 a minti 2 da daƙiƙa 41. Azumin 2022 ya faɗo a Afrilu, tsakiyar kakar gudu, haka ya ci gaba da faɗowa cikin kakar har ta gama makaranta. Ba ta sha azumi don gasa ba. Kocin ya rage mata atisaye mai tsanani da rana, ita kuma bayan asham ta fita da ƙaninta su zagaya unguwa. Babanta, wanda da farko ya ƙi, shi ya koma ba ta labarin Hakeem Olajuwon da ya zama gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995 yana azumi. Maigidana ya yi ƙwallon kwando da ƙuruciya a filin ABU Samaru, inda Masai Ujiri, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya koyi wasa a hannun Koci Oliver Johnson, don haka da ya saki jiki sai burinsa ya fi na kowa tsawo. A ganinsa in dai yaro ya iya, duniya za ta neme shi.

A gudu ba a ɓoye komai. Na'ura ce ke ɗaukar lokaci, a zuba a shafin MileSplit, duk kocin jami'ar da ke so ya buɗe ya gani daga ofishinsa. Da Ummi ta sauko zuwa 2:29 a aji 10, kocinta ya ce lokaci ya yi da za ta yi rajista da cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin mafi yawan jami'o'in Amurka. Hukumar ta kasa jami'o'inta rukuni uku, kuma duk mai son yin wasa a rukuni na ɗaya ko na biyu sai wannan cibiya ta wanke shi. Tana cike fom ta iso wata tambaya: kin taɓa yin karatu a wajen Amurka? Ta ce e. Nan take aka mayar da ita layin 'yan ƙasashen waje, kuɗin rajista ya haura dala 150, aka kuma ce ta kawo takardun karatunta tun daga shekara ta tara. Ba ta gane ba, ta kai wa malamar shawara. Washegari malamar ta kira ni a waya, ta ce tana so ta gan ni ido da ido.

Kafin wannan rana ban taɓa shiga ofishinta ba. A makarantun gida ba mu saba da irin wannan aiki ba, na ɗauka wurin yaran da suka yi laifi ne. Ashe ita ce ke riƙe da jadawalin darussan kowane yaro, ita ke tura takardar makinsa jami'a, ita ta san wane darasi ake ƙirgawa wane ne ba a ƙirgawa. Ƙungiyar masu wannan aiki ta ce ɗalibai 250 ya kamata mutum ɗaya ya riƙe, nata kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Wanda ya zo ya zauna gabanta shi take iya tunawa. Zuwa da kai ya fi aike. Na musanya aiki da wata abokiyar aikina na je, cikin Afrilun 2023.

Ta jawo farar takarda ta fara zane. Ta ce don shiga rukuni na ɗaya, NCAA tana son manyan darussa 16: Turanci huɗu, lissafi uku daga aljabara zuwa sama, kimiyya biyu, ƙarin ɗaya daga cikin waɗannan ukun, darussan zamantakewa irin su tarihi biyu, sai wasu huɗu da za a iya cikewa da harshen waje da makamantansa. Matsakaicin maki a cikin waɗannan 16 kada ya gaza 2.3 bisa 4. Darasin motsa jiki, da zane, da girki, duk makaranta za ta ƙirga su don kammalawa, NCAA ba ta ganin su. Kowace sakandare tana da jerin darussanta da NCAA ta amince da su, abin da ba ya cikin jerin kamar ba a yi shi ba. Ta nuna mini darasin share fagen lissafi da aka sa Ummi a zangonta na farko, ta ce wannan ba ya ciki.

Sai ta zo kan abin da ya sa ta kira ni. Dole a gama darussan 16 cikin shekara huɗu daga ranar da yaro ya fara shekara ta tara ta karatu. Guda 10 daga ciki, bakwai a Turanci da lissafi da kimiyya, dole a gama su kafin a shiga shekara ta huɗun, kuma da zarar an shiga makinsu ya daskare, ba a gyarawa. Ta ce in ƙirga mata shekarun karatu a Najeriya. Na ce firamare shida, ƙaramar sakandare uku. Ina faɗa na ji gabana ya faɗi, domin shida da uku tara ne. JSS 3 ita ce shekara ta tara. A lissafin NCAA agogon Ummi ya fara bugawa tun tana Zariya a 2020, shekarunta huɗu za su cika a Yunin 2024, ƙarshen aji 11, ba ƙarshen aji 12 ba kamar 'yan ajinsu. Guda goman nan kuwa, watan Agusta mai zuwa ne wa'adinsu. Wata huɗu ya rage mana.

Na tambaye ta, to shi ke nan an rufe? Ta ce a'a, mun zo a kan gaɓa. A makarantarsu darasi huɗu ake ɗauka kowane zango a gama shi, takwas a shekara, don haka akwai wurin cusawa. Ta ƙirga abin da Ummi ta riga ta samu, ta ce ba za ta dogara da abin da za a ba ta daga JSS 3 ba tunda ba ta san nawa cibiyar za ta amince da shi ba. Ta nemo mata darasin kimiyya ɗaya ta intanet a hutun bazara, bayan ta tabbatar yana cikin jerin da aka amince. Ta gargaɗe ni da irin darussan gaggawa na cike gurbi da ake gamawa cikin 'yan makonni, ta ce da yawansu ba sa karɓuwa. Ta rushe jadawalin aji 11 ta sake gina shi, Turancin aji 11 a zangon farko, na aji 12 a zango na biyu, lissafi, tarihin Amurka, Faransanci. Ta kuma gaya mini cewa rukuni na biyu ya fi sauƙi a wannan fanni: maki 2.2 ake so, kuma suna ƙirga duk babban darasin da aka gama kafin shiga jami'a. "Amma ba na so dokar da ba ku sani ba ta zaɓa muku," in ji ta. "Ku riƙe ƙofofin duka, in lokaci ya yi ku zaɓa da kanku." Allah ya saka wa matar nan da alheri. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta san inda Zariya take ba, amma ta tsaya wa 'yata tsayuwar da ko ɗan'uwa sai haka.

Saura takardun gida. Na kira ƙanena. Ya je tsohuwar makarantarta, aka ce wanda ke riƙe da makullin ma'ajiyar ya yi tafiya, da ya dawo aka ce sai shugaba ya sa hannu. Da aka samo sakamakon zango uku na JSS 3 da na jarrabawar BECE, sai ga wata matsala: a takardun makaranta sunan kakanta aka sa mata a ƙarshe, a fasfo kuwa sunan babanta. Mu a gida wannan ba komai ba ne, kowa ya san 'yar wane ce jikar wane. A wurin mai tantancewa a ofishin NCAA da ke Indianapolis mutum biyu ne. Sai da makarantar ta rubuta wasiƙa da hatiminta cewa yarinya ɗaya ce. "Yaya, wannan duk don gudu ne?" in ji ƙanena. Na ce masa don karatu ne. Duk uwar da ke shirin tahowa da yaro ɗan sakandare, ko yana wasa ko ba ya yi, ta karɓi takardun kowane zango da hatimi kafin ta hau jirgi, ta duba sunan harafi bayan harafi.

A nan zan tsaya in faɗi abin da har yanzu yake ci mini rai. Greensboro tana da 'yan Nijar da yawa, Hausawa da Zabarmawa, da su muke salla da biki. Akwai ɗan wata ƙawata 'yar Maraɗi, yaro mai ladabi, in yana taka ƙwallon ƙafa sai ka tsaya kallo. Ya zo da Faransanci, aka sa shi ajin koyon Turanci na baƙi har shekara biyu, abin da yake bukata ne kuma ya amfane shi. Sai dai irin wannan Turancin na matakin farko NCAA ba ta ƙirga shi cikin huɗun da take so. Babu wanda ya zauna da uwarsa ya zana mata takarda kamar yadda aka zana mini. Tana aikin kitso daga safe har dare, wasiƙun makaranta da Turanci suke zuwa, yaron ne ke fassara mata. Sai a aji 12, da wani kocin jami'a ya nuna yana son sa, aka buɗe fayil aka ga ba ta yiwuwa. Ba ƙarshen hanya ba ne, akwai kwalejojin shekara biyu masu tasu hukumar, NJCAA, inda yaro zai yi wasa ya gyara makinsa sannan ya haura. Masai Ujiri kansa ta irin wannan kwaleji ya bi, Bismarck State a Dakota ta Arewa. Amma yaron ya riga ya karaya, ya kama aiki a rumbun kaya. Muna nan muna lallashinsa. Da an duba fayil ɗinsa a aji 9, da maganar daban ce.

Daga 15 ga Yuni bayan aji 10 doka ta ba kociyoyin rukuni na ɗaya damar tuntuɓar ɗalibi kai tsaye. Babanta ya zaci waya za ta yi ta ƙara. Shiru. Abin da ya zo shi ne saƙon wani kamfani da ya ce shi ke haɗa 'yan wasa da jami'o'i, suka kira mu ta bidiyo suka yi ta yabon Ummi, a ƙarshe suka kawo farashi na dubban daloli, a biya kashi-kashi. Maigidana ya kusa sa hannu. Na ce bari in tambayi malamar. Ta ce ba haramun ba ne, amma babu abin da za su yi da Ummi ba za ta iya yi da kanta kyauta ba, kuma babu mai ikon yi mana alkawarin tallafi sai jami'ar da za ta bayar. Ita da kocin suka zaunar da yarinyar ta rubuta gajeriyar wasiƙa: sunanta, ajinta, lokacinta mafi kyau, makinta, lambarta ta NCAA, abin da take son karantawa. Ta shiga shafin kowace jami'a ta duba lokacin da 'yan gudunsu ke yi, inda ta ga tana kusa da su ta cike fom ɗin masu sha'awa ta tura wa kocin wasiƙar. Da yawa ba su amsa ba. Duk sanda ta rage daƙiƙa sai ta sake turawa.

A wannan lokaci ne malamar ta sauko da mu ƙasa game da kuɗi. NCAA da kanta tana cewa kusan kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samun tallafin karatu ta hanyar wasa. Rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, sai na ƙoƙarin karatu da na bukata. A rukuni na biyu, duk ƙungiyar gudun mata iyakarta kuɗin cikakken tallafi 12.6, wanda koci zai yanyanka wa 'yan mata talatin ko fiye. Cikakken tallafi a gudu sai wadda ta yi fice a ƙasa baki ɗaya. Ta kuma ce in gode wa dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, domin ita ce ta sa ake ware wa 'yan mata kasonsu. Shawararta ita ce a ɗauki kuɗin gudu a matsayin ƙari, a nemi sauran ta wajen maki da fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnati, wanda mai katin zama na dindindin yana da haƙƙin cikewa.

Aji 11 ya yi wa Ummi nauyi ƙwarai. Turanci biyu a shekara ɗaya, lissafi, atisaye kullum har yamma, gasar cikin ɗaki a Winston-Salem da sanyi, ga islamiyya ranar Lahadi. Akwai daren da na same ta ta yi barci a kan littafi da takalmin gudu a ƙafa. Ƙashin ƙaurinta ya fara ciwo, likita ya ce ta huta mako uku, ta yi kuka kamar an yi mutuwa. A nan na ga amfanin abin da malamar ta ce, domin ƙafa tana iya tsayawa amma makin da aka samu yana nan. Ta warke, ta kai gasar jiha da ake yi a filin jami'ar A&T a nan Greensboro cikin Mayu, ta yi 2:22. A Yunin 2024 darussa 16 suka cika da maki 3.6. Jarrabawar shiga jami'a ta SAT ba ta dame mu ta wajen NCAA ba, tunda sun daina neman ta a Janairun 2023, amma ta rubuta saboda wasu jami'o'in suna dubawa wajen ba da tallafin karatu. Malamar ta ƙara jan kunnenmu cewa kada Ummi ta ce za ta huta shekara guda bayan kammalawa, domin rangwamen shekara ɗaya da ake bayarwa aji 12 ɗinta ya riga ya cinye shi.

A aji 12 ta sauko 2:19, sai ga amsoshi. Jami'a ɗaya ta rukuni na ɗaya a wata jiha ta nuna sha'awa sosai. Babanta ya ga sunan da yake gani a talabijin, ya fara gaya wa abokansa. Amma shekarar ta zo da rikici. Ana cikin sasanta shari'ar House da NCAA, ƙarar da 'yan wasan jami'a suka kai hukumar kan haƙƙinsu na kuɗi, wadda alƙaliya Claudia Wilken ta amince da ita a Yunin 2025, ta kusan dala biliyan 2.8, kuma cikin sharuɗɗan akwai ƙayyade yawan 'yan wasa, ƙungiyar gudu kada ta wuce 45 a jami'o'in da suka shiga tsarin. Tun kafin a sa hannu kociyoyi suka fara rage mutane. Kocin ya gaya wa Ummi gaskiya: kuɗin littattafai kawai zai iya ba ta, kuma ba zai iya tabbatar mata da gurbi a shekara ta biyu ba. Kuɗin makarantar ga wanda ba ɗan jihar ba ya haura dala 40,000 a shekara.

Ɗayar kuwa jami'ar gwamnati ce ta rukuni na biyu a cikin jiharmu, tana cikin tsarin NC Promise, inda ɗan jiha ke biyan dala 500 kacal kuɗin karatu a zango. Jami'o'i huɗu ne a tsarin: Pembroke, Western Carolina, Elizabeth City da Fayetteville. Ɗaki da abinci da sauran kuɗaɗen makaranta daban ne, su ne ma masu nauyin. Suka gayyace mu ziyara. Malamar ta taya ni rubuta tambayoyi, na ƙara nawa. Na tambayi kocin, in ta ji ciwo za ku janye kuɗin? Tallafin na shekara nawa ne? Ya ce na shekara ɗaya ne ana sabuntawa, kuma doka ta ce a sanar da ɗalibi a rubuce kafin 1 ga Yuli. Na tambaya ko akwai 'yan gudunsa da suka gama karatun jinya, tunda aikin asibiti yana cin karo da atisaye. Ya kira wata ta zo ta gaya mana da bakinta yadda take yi. Na tambayi wurin salla, da abin da za ta ci, da azumi, da kayan da za ta saka, da yadda ake kwana in an yi tafiya. Ummi tana ta taɓa ni, "Umma, ya isa haka." Ban bari ba sai da na gama. Mutumin bai ƙosa ba, inda bai sani ba ya ce zai bincika, kuma ya bincika ya kira.

Da muka dawo gida muka baje takardun biyu a kan tabarma bayan sallar isha'i. Tayin baki ba tayi ba ne, malamar ta sha gaya mana, don haka abin da aka rubuta kawai muka ƙirga. A ta biyun, gudu ya kawo dala 4,000 a shekara, makinta ya kawo wani tallafin, FAFSA ta kawo kason Pell, tallafin gwamnati da ba a biya, abin da ya rage muna iya biya ba tare da bashi mai ruwa ba, wanda dama shi muke gudu. Babanta ya daɗe yana kallon takardar farko. Sannan ya ce, "Ummi, ke za ki yi gudun, ke za ki yi karatun. Wanne kike so?" Ta ce tana son inda za ta yi gudu a gasa, ba inda za ta zauna a benci tana jiran a sallame ta ba, kuma tana son ta riƙa zuwa gida da salla. Ya ce Allah ya sa albarka. Ta sa hannu.

Kafin malamar ta tafi hutun bazara na roƙe ta alfarma ɗaya, ta zo ta yi wa matanmu bayani. Ta zo wata Asabar ɗakin taro na masallaci, ta cire takalmi a ƙofa, ta yafa gyale ba wanda ya ce ta yi. Tana faɗa da Turanci ina mayarwa da Hausa, wata tana mayarwa da Zabarmanci. Ta ce wa 'yan Ghana JHS 3 ce shekararsu ta tara, ta ce wa 'yan Nijar takardun Faransanci sai an haɗa su da fassarar Turanci layi bayan layi. Iyaye mata sun fi ashirin a wurin, uku ne kawai suka san sunan mai ba 'ya'yansu shawara. Ta rubuta wa kowace sunan wanda za ta nema a makarantar ɗanta da abin da za ta tambaya: jerin darussan da NCAA ta amince da su, da ranar da agogon yaron ya fara. Wata 'yar Damagaram mai ɗa a aji 10 ba ta jira an tashi ba, ta fita waje ta kira yayanta ta ce gobe da safe ya je makarantar yaron ya karɓo takardu. Ƙanin Ummi zai shiga aji 9 a Agusta mai zuwa, ƙwallon kwando yake so, kuma na riga na karɓi ranar ganin malamarsa.